DAGA JAKAR WASIƘUNKU: Motocin Da Da Na Yanzu, Wace Ce Ta Fi Nauyi?

A wannan fili muke kawo muku a rubuce amsoshin da kuka ji a rediyo, domin wanda shirin ya wuce shi ya samu, wanda kuma ya ji ya adana.

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Funtuwa, bakanike, wanda ya ce shekararsa 30 yana kwanciya a ƙarƙashin mota. Ya ce musu ne ya kaure a majalisarsu. Dattawa sun ce motocin da su ne ƙarfe na gaske, na yanzu kuwa gwangwani ne, ko yatsa ka danna musu sai su lotsa. Shi kuma abin da ya ɗaure masa kai, a da yara uku kan tura Fijo ta tashi, amma yau in jif ta mutu a ƙofar gareji sai an yi gayya. Ya ƙara da cewa ƙanensa na shirin sayar da ƙaramar motarsa ya sayo jif 'yar Kwatano, wai don ya kare iyalinsa daga haɗari. Yana son ya san gaskiyar magana, da kuma shawarar da zai ba ƙanen nasa.

To Malam, mun gode da wannan tambaya, matambayi ai ba ya ɓata. Amsar a gajarce ita ce, hannunka ya gaya maka gaskiya. Motocin yanzu sun fi na da nauyi, nesa ba kusa ba. Wannan nauyi kuwa yana kare wanda ke cikin motar, amma wanda ke wajenta shi ke biyan kuɗin. Bari mu bi abin daki-daki.

Abin da sikeli ya nuna

Mu fara da motocin da kowa ya sani. Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun daga 1975, nauyinta wajen kilo 800 ne. Peugeot 504, Fijo ɗinmu da aka soma haɗawa a Kaduna a wannan shekarar, ita kuma wajen kilo 1,200. Golf ta farko da ta fito a 1974 ba ta wuce kilo 800 da 'yan kai ba, amma Golf ta takwas da ta fito a 2019 ta kusa kilo 1,300. Toyota Corolla ta 1966 wajen kilo 700 ce, jikarta ta yanzu kuwa ta haura 1,300. In ka ɗora Land Cruiser sabuwa a kan sikeli, za ka ga wajen kilo 2,500, wato Fijo biyu ke nan a haɗe.

Hukumar kare muhalli ta Amurka tana auna sababbin motocin ƙasar kowace shekara tun 1975. A wannan shekarar matsakaicin nauyin sabuwar mota wajen kilo 1,840 ne. Ka ga ashe dattawan majalisarku ba su yi ƙarya ɗungurungum ba, motocin Amurka na wancan zamani jibga-jibga ne. Sai rikicin man fetur na 1973 ya sa mai ya yi tsada, kowa ya koma neman ƙaramar mota, har nauyin ya sauko zuwa wajen kilo 1,450 a 1981. Daga nan fa ya sake kama hawa, har ya kai wajen kilo 1,950 a 2022. Bambancin kilo 500 ke nan. Ka ƙiyasta buhun siminti goma da aka loda wa kowace mota, take yawo da su dare da rana, ko da direba kaɗai ne a ciki.

To me ya sa bodin yake lotsewa kamar gwangwani? Ai da gangan aka yi shi haka. Tun 1959 kamfanin Mercedes ya fito da motar da gabanta da bayanta ke murƙushewa in an yi karo, domin ƙarfe ya shanye dukan kafin ya iso ga mutum. Ƙarfen mai tauri yana ɓoye ne a ginshiƙan rufi da ƙasan mota da cikin ƙofofi, inda fasinja ke zaune. Motar da takan fita daga haɗari ba ta lotsa sosai ba, amma a ɗauko direbanta da karyayyen ƙirji. Ta yanzu ita ke mutuwa don mai ita ya rayu.

Daga ina nauyin ya fito?

Na farko, kayan kariya. Bel ɗin kujera mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959, da jakunkunan iska masu kumbura su tare mutum, da sandunan ƙarfe a cikin ƙofofi, da birkin da ba ya ƙulle taya, duk suna da nauyinsu. Wannan nauyi ne mai albarka, babu mai hankalin da zai ce a cire shi.

Na biyu, kayan jin daɗi. Na'urar sanyaya ciki, gilashi da kujeru masu motsi da lantarki, giya mai canja kanta, abin toshe ƙara, manyan tayoyi, ga wayoyin lantarki kamar saƙar gizo-gizo. Kai da kake kwance su ka fi ni sani.

Na uku, kuma shi ne babba, motocin ne kansu suka ƙara girma. Jama'a sun bar ƙananan motoci sun koma jif. Hukumar makamashi ta duniya, mai hedikwata a birnin Faris, ta ce a 2023 kashi 48 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a duniya jif-jif ne, kuma jif takan fi matsakaiciyar mota nauyi da kilo 200 zuwa 300.

Wannan kuwa ba haka kawai ya faru ba, ruwa ba ya tsami banza. A 1975 Amurka ta kafa dokar tilasta wa kamfanoni su ƙera motoci masu tsimin mai. Amma sai aka sassauta wa motocin a-kori-kura da danginsu, da hujjar cewa na manoma ne da 'yan ƙwadago. Kamfanoni suka ga ƙofa a buɗe. Suka ɗauki ƙashin a-kori-kura suka ɗora masa rufi da kujeru masu laushi, suka tallata wa masu iyali da ma'aikatan ofis. Ribar da ake ci a kan babbar mota ta fi ta ƙarama, saboda haka can aka karkata talla. Har ta kai kamfanin Ford ya daina sayar da ƙananan motocinsa na iyali a Amurka wajen 2020, ya bar jif da a-kori-kura da motar tsere ɗaya.

Na huɗu, batir. Tankin mai na lita 50, man da ke cikinsa bai kai kilo 40 ba. Batirin motar lantarki kuwa yakan kai kilo 300 zuwa 500. Akwai wata ƙatuwa a Amurka mai suna Hummer ta lantarki, nauyinta ya haura kilo 4,000, batirinta kaɗai wajen kilo 1,300 ne, wato nauyin Corolla sukutum. Motar lantarki tana da amfaninta, ba ta fitar da hayaƙi a titi, amma in aka ƙera ta kamar giwa an rage wa amfanin albarka.

Kashin dankali a kan titi

Yanzu mu zo ga abin da ya shafi ƙanenka. Bari in yi maka lissafi irin na aji. Ka ɗauki mota mai kilo 1,000 da wata mai kilo 2,000, kowace tana gudun kilomita 60 a awa, suka yi taho-mu-gama suka sarƙe. Ba tsayawa za su yi cak ba. Babbar za ta ci gaba da tafiya tana tura ƙaramar baya da gudun kilomita 20. Wanda ke cikin babbar, gudunsa ya sauko daga 60 zuwa 20, wato jikinsa ya sha canjin 40. Wanda ke cikin ƙaramar kuwa, daga 60 gaba ya koma 20 baya, jikinsa ya sha canjin 80 a cikin ƙiftawar ido. Haɗari ɗaya, amma rabon duka ba ɗaya ba. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami.

Masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, Michael Anderson da Maximilian Auffhammer, sun bi diddigin haɗurran Amurka, suka buga sakamakon a 2014. Sun gano cewa idan motar da ta buge ka ta ƙara nauyin wajen kilo 450, yiwuwar a rasa rai a cikin motarka tana ƙaruwa da kashi 47 cikin 100.

Ka ga inda gizo ke saƙar. Ƙanenka ya ji tsoron jif ɗin maƙwabcinsa, zai sayi jif. Gobe wani ya ji tsoron ta ƙanenka, ya sayi wadda ta fi ta. Kowa ya yi dabara a karan kansa, amma in an taru an yi wauta, domin ranar da kowa ya hau jif fifikon ya ƙare, sai dai titi ya ƙara zama mahallaka ga wanda bai da mota.

Shi kuwa mai tafiya a ƙasa, ba nauyi kaɗai ke cutarsa ba, har da tsayin gaban motar. Ƙaramar mota takan bugi babban mutum a ƙafafu, ya faɗa kan bonet. Jif mai dogon gaba kuwa a ƙugu ko a ƙirji take dukansa, inda hanta da huhu da zuciya suke, ta kayar da shi gaba, wani lokaci ta bi ta kansa. Yaro kuwa a ka take samunsa. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora na Amurka ta ba da rahoto a 2023 cewa motocin da tsayin bonet ɗinsu ya haura mita ɗaya sun fi masu gajeren gaba mai gangara kashe mai tafiya a ƙasa da wajen kashi 45 cikin 100. Ban da wannan, direban doguwar mota ba ya ganin abin da ke dab da bambarsa. Yaro na iya tsugunne a gabanta bai sani ba.

A Amurka, masu tafiya a ƙasa da mota ta kashe a 2009 sun kai wajen 4,100. A 2022 sun kai wajen 7,500. Ba za a ɗora wa girman mota laifin duka ba, akwai latsa waya a kan tuƙi, da gudu, da rashin fitilun titi. Amma masu bincike sun sa girman mota a cikin manyan dalilan.

Mai, taya da kwalta

Nauyi ba ya tafiya kyauta. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, in ka rage wa mota kashi 10 cikin 100 na nauyinta, za ta rage shan mai da kashi 6 zuwa 8. Injin yanzu ya fi na da fasaha ƙwarai, to amma ina ribar ta tafi? Wani masani mai suna Christopher Knittel ya lissafa cewa da motocin Amurka sun tsaya a nauyi da ƙarfinsu na 1980, da zuwa 2006 tafiyar da suke yi da lita ɗaya ta ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100. Abin da aka samu a zahiri wajen kashi 15 ne kacal. Sauran duk ya tafi wajen jan ƙarin ƙarfe da ƙarin gudu.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kafin a cire tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Gidaje nawa ka sani da aka lulluɓe jif da tamfol tun daga lokacin? Hukumar makamashin nan ta ce jif-jif ɗin duniya, waɗanda suka haura miliyan 360 a 2023, sun fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya fiye da tan biliyan ɗaya a shekarar. Da ƙasa ce su, da su ne na biyar a duniya wajen wannan hayaƙi.

Sai taya da birki. Mota mai nauyi ta fi cin taya, ta fi cin birki, ta fi kashe shokazoba. Ƙurar da ke fita daga taya da birki kuwa ba ɓacewa take yi ba, iska take shiga mu shaƙa, ruwan sama ya wanke saura zuwa rafi. Shi ya sa a 2024 Tarayyar Turai ta amince da dokar da a karon farko ta sa iyaka ga wannan ƙura, ba hayaƙin salansa kaɗai ba.

Game da kwalta kuwa, a nan sai mu yi adalci. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Ilinoi ta Amurka, inda aka yi ta zagaya hanyoyin gwaji da motoci masu nauyi daban-daban har suka farfashe. Abin da aka gano shi ne, in nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya ba biyu take ninkawa ba, wajen sau 16 ne. In ya ninka goma, ɓarnar ta ninka sau 10,000. Saboda haka jif ta fi ƙaramar mota cin hanya, amma ita da ƙaramar duk 'yan kallo ne a gaban tirela da tifa da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida. Kada ka ɗora wa jif laifin ramukan hanyar Zariya, masu laifin suna nan da tayoyi goma sha.

Me wasu ƙasashe suka yi?

Japan ta daɗe da gano bakin zaren. Tun 1971 take karɓar harajin mota gwargwadon nauyinta, kuma tana sassauta wa 'yan ƙananan motoci masu ƙaramin inji, waɗanda akasarinsu ba su kai kilo 1,000 ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin ƙasar irin waɗannan ne. Faransa ta soma a 2022 da harajin yuro 10 a kan kowane kilo da ya haura 1,800, sannan a 2024 ta sauko da iyakar zuwa 1,600. Nowe ta sa harajin nauyi a 2023 wanda bai bar ko motocin lantarki ba. A watan Fabrairun 2024 mutanen birnin Faris suka jefa ƙuri'a, aka ninka wa baƙi masu manyan motoci kuɗin ajiye mota sau uku, ya kai yuro 18 a awa a tsakiyar birni. Hikimar duka ɗaya ce: wanda ya ɗora wa jama'a nauyi, shi ya kamata ya biya.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce wannan ai matsalar Turawa ce. A'a, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mafi yawan motocinmu na hannu ne. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka, wajen kashi 40 cikin 100. Wato abin da Ba'amurke ya saya sabo yau, shi za a sauke a Kwatano da Legas nan da shekara goma. In jif suka saya, jif za mu samu, ko muna so ko ba ma so.

Kuma za ta iske titin da ba irin nasu ba. Namu titin na kowa da kowa ne: ga ɗan acaɓa, ga A-daidaita-sahu, ga mai kura, ga 'yar talla, ga almajiri, ga 'yan makaranta suna tsallakawa ba gada ba alama. Hukumar lafiya ta duniya ta ce mutum miliyan 1.19 suka mutu a haɗarin hanya a 2021, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a Afirka ce ke kan gaba, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci.

Shawara ga ƙanenka

To Malam, ka gaya wa ƙanenka niyyarsa mai kyau ce, kare iyali wajibi ne. In hanyar garinsu ta damina ce, mai yashi da kwazazzabo, wadda sai doguwar mota, to wannan lalura ce, babu mai ganin laifinsa. Amma in daga gida ne zuwa ofis da makarantar yara, ya sani ba girma ne kaɗai kariya ba. Doguwar mota ta fi saurin wuntsilawa in an karya sitiyari da gudu ko taya ta fashe, musamman tsofaffin da ba su da na'urar hana zamewa, wadda sai a 2012 ta zama dole a sababbin motocin Amurka. Matsakaiciyar mota mai wannan na'ura, mai jakunkunan iska da ba a taɓa fasawa ba, mai taya sabuwa da birki na gaske, ta fi tsohuwar jif mai suɗaɗɗiyar taya. Ya lissafa kuɗin mai da na taya huɗu kafin ya biya, kada ya sayi abin da zai kasa ciyarwa, ya koma sa mata birkin bogi. Kuma kowa ya ɗaura bel, har na kujerar baya, yara kuma a baya.

In kuwa ya riga ya saya, to ya san amana ya ɗauka. Ya zagaya motar kafin ya tayar da ita a ƙofar gida. Ya tuna cewa in nauyi ya ninka biyu ƙarfin duka biyu yake ninkawa, amma in gudu ya ninka biyu sau huɗu yake ninkawa. Nauyin ba shi da yadda zai yi da shi, gudun kuwa yana ƙarƙashin ƙafarsa. A bakin kasuwa da ƙofar makaranta ya sauko ƙasa sosai. Yaron da zai tsallaka a gabansa shi ma ɗan wani ne, kuma nasa 'ya'yan ma da zarar sun sauka daga motar sun zama masu tafiya a ƙasa.

Su kuma dattawan majalisa, ka isar musu da gaisuwata. Ka ce musu sun yi gaskiya a kan kaurin bodi, amma sikeli ya ba ka gaskiya a kan nauyi.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a riƙa rubuta tambaya ɗaya a takarda ɗaya, kuma a bayyana ta sosai. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya. Wassalam.